Suna linzami: Richard Branson, alƙawarin shekara 20 da haɗarin yawon buɗe ido a sararin samaniya

A watan Oktoban 2023 Babbar Kotun Landan ta yanke hukunci a wata shari'ar da ba kasafai ake ganin irinta ba. Abin da aka kawo gaban alƙali shi ne ko sunan Virgin yana nan da darajarsa a idon duniya, ko kuwa ya zube. Kamfanin jirgin ƙasa na Brightline da ke jihar Florida a Amurka ya ƙulla yarjejeniya a 2018 cewa zai riƙa amfani da sunan yana biyan kuɗi. A 2020 ya janye, yana mai cewa sunan ya yi baƙin jini, musamman bayan surutun da ya biyo bayan roƙon bashin da mai kamfanin, Richard Branson, ya yi wa gwamnatin Birtaniya a lokacin annobar korona. Virgin ya kai ƙara. Alƙali ya ce Brightline ya kasa tabbatar da zarginsa, aka yanke masa diyyar kimanin dala miliyan 115.

Hukuncin ya nuna abin da attajirin ya shafe fiye da shekara 50 yana sayarwa. Da yawa daga cikin kamfanonin da ke ɗauke da jan tambarin Virgin ba mallakinsa ba ne kacokan, wasu ma ba shi da ko sisi a cikinsu. Masu kuɗi ne ke zuba jari, su ari sunan, su riƙa biyan kamasho duk shekara. Hajarsa ta gaskiya ita ce yardar da mutane suka yi cewa inda duk aka ga wannan suna za a samu aiki mai kyau da ɗan nishaɗi. Wannan yarda ce ya ɗauka ya ɗora a kan kumbo, sana'ar da kuskure ɗaya a cikinta ke cin rai.

An haifi Branson a Ingila ranar 18 ga Yulin 1950. Karatu ya ba shi wahala saboda lalurar da ke hana shi tantance haruffa, ya bar makaranta yana ɗan shekara 16, ya kafa mujallar ɗalibai mai suna Student. Daga nan ya shiga sayar da faifan garmaho ta gidan waya a 1970, ya buɗe kanti a titin Oxford a shekarar da ta biyo baya. A wannan shekarar ce jami'an kwastam suka kama shi yana sayar da faifai a cikin gida alhali ya rubuta cewa na fitarwa waje ne, domin kauce wa haraji. Ya kwana ɗaya a tsare, mahaifiyarsa ta jinginar da gidansu aka sasanta maganar ba tare da an kai ga hukunci ba. Shi da bakinsa yake ba da wannan labari a duk inda ya samu dama, kuma dabararsa ke nan tun farko: ya riga kowa faɗin laifinsa, ya mayar da shi abin dariya.

Kamfanin waƙa na Virgin Records ya yi masa arziki, har ya sayar da shi ga Thorn EMI a 1992 a kan kusan dala biliyan ɗaya domin ya ceto kamfanin jiragensa na Virgin Atlantic, wanda ya kafa a 1984. A 1993 ya kayar da British Airways a shari'ar ɓata suna, bayan zargin cewa babban kamfanin yana yi masa zagon ƙasa wajen janye masa fasinjoji. An biya shi fam 500,000, kamfaninsa fam 110,000, ya rabe kuɗin ga ma'aikatansa. Tun daga ranar ya zama gwarzon talakawan Ingila, ƙaramin ɗan kasuwa mai gemu wanda ba ya ɗaura lakataye, da ya tsaya gaban giwa ya yi nasara.

Ba shi da kuɗin talla irin na abokan hamayyarsa, saboda haka jikinsa ya mayar allon talla. A 1985 jirgin ruwan tseren da yake ciki ya nutse a tekun Atlantika, aka tsamo shi. A 1987 ya ƙetare tekun a cikin balan-balan tare da Per Lindstrand, a ƙarshen tafiyar sai da ya faɗa cikin ruwa jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko shi. Kowane tsallake rijiya da baya ya zama labarin shafin farko, tambarin Virgin na jikin hoton. Kasuwancinsa da suka mutu ma ba su da iyaka: lemon kwalba na Virgin Cola da ya shiga dandalin Times Square da tankar yaƙi domin tallarsa, kantin kayan amare, motoci, kayan kwalliya. Babu wanda ya riƙe shi da waɗannan, domin asarar kuɗi ce kawai, kuma yawancinta ba tasa ba.

Ya kuma iya zuwa jaje. Da jirgin ƙasan Virgin ya kauce daga layinsa a Grayrigg da ke arewacin Ingila a Fabrairun 2007, wata dattijuwa ta rasu, ya katse hutunsa ya isa wurin cikin sa'o'i, ya ziyarci waɗanda suka ji rauni, ya yaba wa direban. Bincike ya nuna laifin na masu kula da layin dogon ne. Har yau malaman hulɗa da jama'a suna kawo wannan a matsayin misali.

Abin da Najeriya ta gani

Ma'aikatan gwamnatin tarayya da suka daɗe a aiki, musamman na ɓangaren sufurin jiragen sama, ba sa buƙatar a gabatar musu da wannan bawan Allah. Bayan durƙushewar Nigeria Airways a 2003, gwamnatin Olusegun Obasanjo ta nemi abokin hulɗa, aka sa hannu da Virgin a ƙarshen Satumban 2004. Virgin Atlantic ya riƙe kashi 49, masu zuba jari na Najeriya suka riƙe kashi 51, jirgin farko na Virgin Nigeria ya tashi daga Legas zuwa Landan ranar 28 ga Yunin 2005.

Auren bai yi ƙarko ba. A 2008, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'Aduwa, hukumomi suka umarci kamfanin ya kwashe zirga-zirgarsa ta cikin gida daga ɓangaren ƙasa da ƙasa na filin jirgin Murtala Muhammed ya koma sabon ginin jiragen cikin gida. Virgin ya ce wannan ya saɓa wa yarjejeniyar da aka yi da shi tun farko, Branson ya fito ya zargi hukumomin da yi masa abin da ya kwatanta da halin 'yan daba. A Satumban 2009 aka sauke sunan Virgin, kamfanin ya koma Nigerian Eagle Airlines, daga baya Jimoh Ibrahim ya saye shi ya raɗa masa Air Nigeria, ya rufe a Satumban 2012. Har gobe ana muhawara a kan wanda ya fi laifi, kuma gwamnatin da ta sauya ƙa'ida a tsakiyar tafiya ba za ta wanke kanta ba. Sai dai akwai abin lura ga duk jami'in da wata rana za a ajiye masa irin wannan takarda ya sa hannu: mai sunan ya naɗe sunansa ya koma gida ba tare da ƙwarzane ba, jiragen Virgin Atlantic na ci gaba da jigila tsakanin Landan da Legas, ma'aikata da masu jarin gida kuwa su suka zauna da ɓaraguzan.

A makon da aka sa hannu a kan Virgin Nigeria ne kuma Branson ya tsaya gaban 'yan jarida a Landan ya sanar da kafa Virgin Galactic. Injiniya Burt Rutan na kamfanin Scaled Composites ya ƙera wani ƙaramin kumbo mai suna SpaceShipOne da kuɗin Paul Allen, abokin Bill Gates wajen kafa Microsoft, kuma ranar 4 ga Oktoban 2004 kumbon ya lashe kyautar dala miliyan 10 da aka sa wa duk wanda ya kai mutum sararin samaniya sau biyu cikin mako biyu ba da kuɗin gwamnati ba. Branson ya sayi izinin amfani da fasahar, ya ce cikin shekara uku zai fara kai fasinjoji, tikiti dala 200,000. Ɗaruruwan mutane suka biya, cikinsu har da taurarin finafinai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: fasinjan farko da ya sayi tikiti da kuɗinsa sai a 2023 ya tashi.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Wani babban jirgi mai gangar jiki biyu, wanda Branson ya raɗa wa sunan mahaifiyarsa Eve, shi ke goya kumbon a ƙarƙashin fikafikansa har zuwa nisan kusan kilomita 15, sannan ya sake shi. Matuƙa su kunna roka ta ci wuta na kimanin minti ɗaya, kumbon ya miƙe sama da saurin da ya ninka na sauti sau uku, ya wuce kilomita 80. A nan fasinjoji ke kwance ɗamara su yi shawagi na 'yan mintuna, su leƙa taga su ga baƙin sama da lanƙwasar duniya. Daga nan sai saukowa, ba inji, kamar shirwa. Wurin saukowar ne Rutan ya yi hikimarsa: wutsiyar kumbon tana naɗewa sama ta yadda iska za ta rage masa gudu ta kuma daidaita shi, sai ya iso ƙasa-ƙasa a mayar da ita yadda take. Kusan komai a cikinsa hannun mutum ne ke sarrafawa, ba kwamfuta ba.

Mutum huɗu a hamadar Mojave

Jinin farko ya zuba ne tun kafin a gama ƙera kumbon. Ranar 26 ga Yulin 2007, ana gwajin tankin iskar da ke taimaka wa roka cin wuta a filin jirgin Mojave da ke California, tankin ya fashe, ma'aikatan Scaled Composites uku suka mutu, uku suka jikkata. Ba sunan Virgin ne a jikin ƙofar masana'antar ba, saboda haka labarin bai daɗe a bakin duniya ba. Alƙawura suka ci gaba, kowace shekara ana cewa baɗi. A 2009 kamfanin Aabar na Abu Dhabi ya zuba dala miliyan 280 ya karɓi kusan kashi 32. Jihar New Mexico, wadda tana cikin jihohin Amurka mafiya talauci, ta kashe fiye da dala miliyan 200 na masu biyan haraji ta gina tashar kumbo a tsakiyar hamada, har wasu yankunanta biyu suka ƙara wa kansu harajin saye da sayarwa domin aikin. Ginin ya yi shekaru yana jiran baƙi.

Ranar 31 ga Oktoban 2014 kumbon VSS Enterprise ya tashi gwaji, Peter Siebold na tuƙi, Michael Alsbury mai shekara 39 na taimaka masa. Ƙa'idar aikin ta ce kada a kwance makullin wutsiyar sai gudun kumbon ya ninka saurin sauti sau 1.4, domin kafin nan iskar da ke dukan wutsiyar tana da ƙarfin da za ta naɗe ta da kanta. Alsbury, gogaggen matuƙin gwaji ne, amma yana cikin jijjiga da matsin daƙiƙu, da jerin ayyukan da dole ya yi daga ƙwaƙwalwarsa. Ya ja mariƙin tun kumbon bai kai saurin sauti ba. Wutsiyar ta naɗe roka na ci, kumbon ya tarwatse kimanin daƙiƙa 13 bayan an sake shi. Alsbury ya mutu. Siebold ya tsinci kansa a sararin sama, a nisan kusan ƙafa 50,000, ɗaure da kujerarsa, cikin sanyin da ke daskarar da jini da iskar da ba ta isa numfashi. Ya samu ya kwance ɗamarar, laimar sauka ta buɗe da kanta, ya faɗo da karaya a kafaɗa.

Da Hukumar Binciken Haɗurran Sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da sakamakonta a Yulin 2015, ba ta tsaya a kan mamacin ba. Ta ce tushen haɗarin shi ne gazawar Scaled Composites wajen tunanin cewa kuskuren mutum ɗaya zai iya hallaka kumbon, da rashin yin wani tanadi na hana hakan. Injiniyoyin sun san cewa kwance makullin da wuri halaka ne, amma sun ɗauka matuƙi ba zai taɓa yi ba. Ta kuma soki Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, FAA, kan yadda ta yi sassauci wajen ba da izinin gwajin. Wanda ya taɓa zama a kwamitin bincike ya san irin wannan rahoto: an fi son a ce wane ne ya yi kuskure, domin shi ya fi sauƙin rufewa, sai an samu masu taurin kai sannan ake tambayar wanda ya tsara aikin ta yadda kuskure ɗaya zai isa.

Branson ya yi abin da ya saba. Washegari yana Mojave, ya yi ta'aziyya, ya ce za a mayar wa duk mai so kuɗinsa, ya ce ba za a ci gaba da ido rufe ba. 'Yan ƙalilan ne suka karɓi kuɗinsu. Virgin ya karɓi aikin ƙira a hannunsa, ya gina sabon kumbo mai na'urar da ke hana kwance wutsiya kafin lokaci, masanin kimiyya Stephen Hawking ya raɗa masa suna Unity a 2016. A Disamban 2018 Unity ya kai kilomita 82 da ɗoriya. Amurka na ɗaukar kilomita 80 a matsayin bakin sararin samaniya, yayin da hukumar wasannin sama ta duniya ke cewa sai 100, kuma kamfanin Blue Origin na Jeff Bezos, wanda kumbonsa ke wuce 100, bai taɓa gajiya da tuna wa mutane wannan ba.

Akwai abin da za a yaba masa a wannan tsakanin. A Oktoban 2018, bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul, Branson ya dakatar da tattaunawar jarin dala biliyan ɗaya da asusun gwamnatin Saudiyya ya yi niyyar zubawa a kamfanoninsa na sararin samaniya. Ya kare sunan, amma ramin da kuɗin suka bari sai da aka nemi abin cike shi. A Oktoban 2019 Virgin Galactic ya shiga kasuwar hannun jari ta New York ta hanyar haɗewa da wani kamfani na Chamath Palihapitiya wanda ba shi da komai sai kuɗin da aka tara masa domin irin wannan ciniki. Daga ranar, ƙananan masu zuba jari da ke saye ta wayar hannu suka shiga layin masu ɗaukar haɗarin.

Jar fitila

Ranar 11 ga Yulin 2021 ita ce ranar da Branson ya yi shekara 17 yana jira. Bezos ya riga ya sanar cewa zai tashi ranar 20 ga watan, sai Branson ya matso da tasa tafiyar ya riga shi da kwana tara, ko da yake ya yi ta musanta cewa tsere suke yi. Yana gab da cika shekara 71 ya shiga Unity tare da ma'aikatansa uku da matuƙa biyu, suka kai kimanin kilomita 86, suka sauko lafiya, duniya na kallo kai tsaye. An nuna hotonsa yana isowa tashar a kan keke da safiyar ranar. Daga baya kamfanin ya amsa cewa an ɗauki hoton ne kwanaki kafin nan, ya nemi afuwa. Ƙaramin abu ne, amma ya nuna yawan hannun masu talla a cikin shirin.

Babban abin ya fito ne ranar 1 ga Satumba, lokacin da mujallar New Yorker ta buga rahoton Nicholas Schmidle. Ana cikin hawa, fitilar gargaɗi ruwan ɗorawa ta kunna a gaban matuƙan, daga baya ja, alamar cewa kumbon bai miƙe yadda ya kamata ba kuma yana iya fita daga hanyar da za ta ba shi damar saukowa filin ba tare da inji ba. Matuƙan suka zaɓi su bar rokar ta ƙarasa cin wutarta. A hanyar dawowa kumbon ya fita daga sararin da aka keɓe masa na tsawon minti ɗaya da daƙiƙa 41, kuma kamfanin bai sanar da FAA a kan lokaci ba. Hukumar ta hana shi tashi har zuwa ƙarshen watan. Virgin Galactic ya ce iska mai ƙarfi ce a can sama ta karkatar da kumbon, matuƙan sun bi horon da aka ba su, kuma babu wanda ya shiga haɗari. Mark Stucky, shugaban sashen gwajin jiragen kamfanin wanda aka sallama kwanaki kaɗan bayan tafiyar, ya fito fili ya ƙi yarda da wannan bayani. Schmidle ɗin dai shi ne ya bayyana a littafinsa cewa a tafiyar Fabrairun 2019 wani sashe na wutsiyar Unity ya yi mummunar lalacewa, ba a gane ba sai bayan an sauka, kuma babban jami'in kula da kariya na kamfanin ya ajiye aiki bayan haka.

A ɓangaren kuɗi kuwa, lissafin ya fi fitowa fili. A Fabrairun 2021 hannun jarin kamfanin ya haura dala 60. A Maris Palihapitiya ya sayar da nasa na ƙashin kansa a kan sama da dala miliyan 200. Washegarin tafiyar Branson kamfanin ya sanar zai sayar da sababbin hannayen jari na dala miliyan 500. Shi kansa Branson, tsakanin 2020 da 2021, ya sayar da na fiye da dala biliyan ɗaya, yana mai cewa kuɗin na ceto kamfanoninsa na jirage da otal da annoba ta durƙusar ne. Hujjar tana da ƙarfi, kuma babu dokar da ta hana mai kamfani sayar da kasonsa. Wasu masu jari dai sun kai ƙara a New York suna zargin an ɓoye musu matsalolin kumbon. Kamfanin ya yi asarar kimanin dala miliyan 500 a 2022, ya sake yin kusan haka a 2023, shekarar da cinikinsa bai wuce dala miliyan 7 ba. A Disamban 2023 Branson ya shaida wa jaridar Financial Times cewa ba zai ƙara zuba kuɗi ba, a lokacin kasonsa ya sauko ƙasa da kashi 10. A Yunin 2024 aka haɗe kowane hannun jari 20 ya koma ɗaya domin kada kasuwar ta kori kamfanin, kuma duk da haka a 2025 guda ɗayan bai kai dala 10 ba. Wanda ya saya a ganiyar farashi ya rasa fiye da kashi 99 na kuɗinsa. Kamashon amfani da sunan Virgin kuwa yana nan a cikin yarjejeniya.

Ƙanin kamfanin, Virgin Orbit, mai harba tauraron ɗan Adam daga ƙarƙashin fiffiken Boeing 747, bai ma kai haka ba. Harbinsa na farko daga Cornwall a Ingila ya ci tura a Janairun 2023 saboda matatar mai da ta goce, a Afrilu ya bayyana karyewa.

Duk da haka an tashi. Daga Yunin 2023 zuwa Yunin 2024 Unity ya yi tafiyar kasuwanci bakwai, kowa ya dawo da ƙafarsa. Ta farko jami'an sojan saman Italiya ne masu bincike. Ta biyu, a Agustan 2023, ta ɗauki Jon Goodwin, ɗan Ingila mai shekara 80 wanda ya wakilci ƙasarsa a tseren kwale-kwale a gasar Olamfik ta 1972. Ya sayi tikitinsa tun 2005, ya kamu da cutar karkarwar jiki yana cikin jira, ya kuma rayu har ya ga ranar. Tare da shi akwai wata uwa da 'yarta daga tsibirin Antigua da suka ci kujerunsu a gasar sa'a. A tafiyar Janairun 2024 wani ƙaramin ƙarfe ya faɗo daga jikin jirgin goyon bayan an saki kumbon, wannan karon kamfanin ya kai rahoto da kansa.

Sa hannu a kan ranka

Fasinjan da ya shiga jirgin sama daga Abuja zuwa Kano yana tafiya ne a ƙarƙashin dokokin da aka gina cikin shekaru ɗari, kowace ƙa'ida da haɗarin da ya haife ta. Mai shiga kumbon yawon buɗe ido ba shi da wannan rumfa. Dokar da Majalisar Amurka ta yi a 2004 ta hana FAA kafa ƙa'idojin kare lafiyar waɗanda ke cikin kumbo na wani wa'adi da aka kira lokacin koyo, domin kada a shaƙe sabuwar sana'a tun tana jaririya. An yi ta tsawaita wa'adin, na baya-bayan nan zuwa farkon 2028. Lasisin da hukumar ke bayarwa ya shafi kare mutanen da ke ƙasa da sauran jirage. Na cikin kumbon, doka ba ta ma kiransa fasinja, mahalarci take ce masa, kuma abin da ta tanadar masa shi ne a sanar da shi a rubuce cewa gwamnatin Amurka ba ta tabbatar da amincin abin da zai hau ba, ya karanta ya sa hannu.

Matsalar ita ce babu isassun alƙaluman da zai auna haɗarin da su. Jiragen fasinja na tashi sau miliyoyi a shekara. Unity sau 12 kacal ya taɓa wuce kilomita 80 a tsawon rayuwarsa. Abin da tarihi ya bari ba ya kwantar da hankali. Jirgin roka na X-15, wanda shi ma daga ƙarƙashin wani jirgi ake sakinsa, ya tashi sau 199, ya kashe matuƙi ɗaya a 1967. Kumbon hukumar NASA mai zuwa ya dawo ya yi tafiya 135, biyu suka ƙare da mutuwar mutum 14, ciki har da malamar makaranta Christa McAuliffe da aka ɗauka a 1986 domin a nuna cewa sararin samaniya ya zama wurin kowa. Rokar Blue Origin ma ta lalace a sama a Satumban 2022, Allah ya sa babu mutum a ciki. Sannan ga abin da ya faru a Yunin 2023, kwanaki kaɗan kafin tafiyar kasuwanci ta farko ta Virgin Galactic, lokacin da ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku na Titan ya murƙushe da mutum biyar a hanyar ganin tarkacen Titanic. Su ma takardar amincewa da haɗari suka sa wa hannu, kuma ɗaya daga cikinsu, Hamish Harding, ya hau kumbon Blue Origin shekara guda kafin nan.

Masu kare Branson suna cewa baligi mai hankali da kuɗinsa yana da 'yancin ya yi kasada da ransa, kamar masu hawan dutsen Everest, kuma da an ɗaure jiragen sama da dokoki tun farkon ƙarni na 20 da ba a kai inda aka kai ba. Suna ƙarawa da cewa ya sa kansa a kujerar kafin ya sa kowane mai saye. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Inda maganar ke da rauni shi ne, mai hawan Everest ya san dutse zai hau. Wanda ya sayi tikitin Virgin Galactic ya saye shi ne daga sunan da ya saba gani a jikin jirgin Landan, da katin banki, da wurin motsa jiki, sunan da aka yi shekaru ana koya masa cewa yana nufin kwanciyar hankali. Takardar da zai sa wa hannu tana cewa yana iya mutuwa, tambarin da ke samanta kuwa yana raɗa masa cewa ba komai. Mutum huɗun da suka mutu a Mojave kuma ba attajirai ba ne masu neman nishaɗi, ma'aikata ne da suka fito neman abinci.

Maganar ta fara matsowa kusa da gida. A Yunin 2024 Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, ta sa hannu da wani kamfanin Amurka mai suna SERA domin a ware wa ɗan Najeriya kujera a kumbon Blue Origin, sannan a Yunin 2025 lauya Owolabi Salis ya hau kumbon kamfanin a wata tafiyar daban. Duk ɗan ƙasar da zai bi sahu, ko da sunan gwamnati ko da aljihunsa, a ƙarƙashin waccan dokar ta sa hannu zai tashi.

Shi kuwa Unity an yi masa ritaya bayan tafiyar 8 ga Yunin 2024. Kamfanin, wanda ya sallami ma'aikata 185 a ƙarshen 2023, ya tattara abin da ya rage masa a kan sababbin kumbuna da ya kira Delta, masu ɗaukar mutum shida, waɗanda ya ce za su riƙa tashi sau da yawa a wata, abin da lissafin ribarsa gaba ɗaya ya dogara a kai. Ya sa 2026 a matsayin shekarar fara aiki. Tikitin da aka fara sayarwa dala 200,000 ya koma 250,000, ya koma 450,000 bayan tafiyar Branson, daga baya 600,000, kuma ɗaruruwan waɗanda suka biya kuɗin kafin alƙalami suna nan a layi, wasunsu tun zamanin da Virgin Nigeria ke tashi daga Legas.